Sarkin da Ya Hana Harshen Mahaifiyarsa

Ku matso kusa ku gyara zama, mai goro a baki ya tauna a hankali. Labarin nan na wani zamani ne da ya shuɗe, tun ana auna nisan gari da kwanakin tafiya.

A zamanin da an yi wata ƙasa mai faɗi, wadda ba zan faɗi sunanta ba, don ni ma ba a faɗa mini ba. Harsuna tara ake yi a cikinta, ban da kare-karen harshe da ba su ƙirguwa. Masuntan bakin kogi da nasu, makiyaya da nasu, mutanen duwatsu da nasu. Ko a cikin masu harshen birni, mutumin gabas yana jan magana kamar ba ya so ta ƙare, na yamma kuwa yana datse ta tun ba ta gama fita ba, kuma kowannensu ya rantse nasa ne daidai. Ranar kasuwa sai ka ji gaisuwa iri goma kafin ka isa rumfar masu gishiri. Ana tsokanar juna, ana kwaikwayon juna, a yi dariya, a yi ciniki, a watse lafiya. Kai, an yi zamani mai daɗi.

A fada kuwa akwai wata al'ada tun kaka da kakanni. Buzu tara ake shimfiɗawa a zauren shari'a, kowane buzu da tafintansa. Duk wanda ya kawo ƙara, da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi zai yi magana, tafinta ya juya wa sarki. Shari'a takan yi tsawo, gaskiya ne, wani lokaci har fadawa su yi gyangyaɗi. Amma ba wanda ya taɓa komawa gida da sauran magana a cikinsa.

Ana nan sai sarautar ta faɗo kan Sarki Tunau, saurayi mai kaifin hankali da saurin fushi. Mahaifiyarsa 'yar Dutsen Gilma ce, can iyakar ƙasar, inda ake yin wani harshe da ake kira Gilmanci. Ta koyi harshen birni bayan aurenta, amma bakinta bai taɓa sakewa da shi ba. Tun Tunau yana ƙarami 'ya'yan fada suke kwaikwayon maganarta a gabansa, su yi ta ƙyalƙyala dariya. Bai taɓa kai ƙara ba, bai kuma taɓa mantawa ba.

Kwana arba'in da naɗinsa ya tara majalisa ya ce, "Ƙasa ɗaya, sarki ɗaya, me zai sa a yi baki tara? Daga yau harshen birni kaɗai za a yi, a kasuwa da gona da cikin ɗaka. Wanda aka kama da wani harshe, bulala ashirin. In ya sake, ya bar mana ƙasa. A naɗe buzayen nan."

Wazirinsa, Waziri Anaruwa, dattijo ne gajere mai magana a hankali, wanda ya yi wa uban sarkin hidima shekara da shekaru. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. A koya wa kowa harshen birni, wannan alheri ne, zai sauƙaƙa shari'a da ciniki. Amma a bar wa mutum nasa. Akwai maganar da ba ta fita sai ta wannan ƙofa."

Sarki ya ce, "Waziri, na ji. Ba shawara na nema ba."

Da yammacin ranar ya shiga wurin mahaifiyarsa, wadda yanzu ake kira Mai Babban Ɗaki. Ya tarar tana tsefe kan wata jikarta tana yi mata waƙa da Gilmanci. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, doka ta fita yau, kuma daga gidan nan za ta fara. Kada in sake jin wannan yaren a fada." Ta ɗago kai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "To," da harshen birni, ta ci gaba da tsifa babu waƙa.

Ni dai, ku gafarce ni, duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. A ce mutum ya rasa wanda zai fara gwada wa sarauta sai wadda ta goya shi. Amma haka aka yi, ba zan gyara masa ba.

Shekara ashirin da biyu dokar tana aiki. Tafintoci suka tsufa a gidajensu, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta yi tsit in ban da ciniki, don mutum ba ya iya barkwanci da harshen da yake tsoron kuskurensa. Gilmawa da yawa suka tsallake iyaka da awakinsu. Waɗanda suka rage suka haɗiye harshensu, har 'ya'yansu suka tashi ba su san kalma ɗaya ba. Mai Babban Ɗaki kuwa ba ta taɓa karya dokar ba. Kullum da safe sarki ya shiga gaishe ta, ta ce lafiya lau, ya ce madalla, ya fito. Iyakar hirarsu ke nan.

Rannan da hantsi tana alwala sai jiri ya ɗebe ta ta faɗi. Aka ɗauke ta aka kwantar. Da ta farfaɗo ta buɗe baki, sai Gilmanci. Harshen birnin da ta yi shekara hamsin tana yi ya zube mata gaba ɗaya, ba ta faɗinsa, ba ta jinsa. Aka kawo fura ta kau da kai, aka kawo tuwo ta ture, ruwa kawai take kurɓa. Magana ɗaya take ta maimaitawa, ba wanda ya san me take nufi. Masu magani suka duba ta, suka fito suka gaya wa sarki a asirce cewa abin sai dai addu'a, kwanakin ba su da yawa.

Sarki Tunau, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, ya shiga ya durƙusa a gaban gadonta. Abin da ya yi shekaru yana cewa gobe zai faɗa, ranar ya faɗe shi. Ya ce, "Inna, na zalunce ki. Ki yafe mini." Ta dube shi kamar yadda ake duban baƙon da ya yi ɓatan hanya ya shigo ɗaki, ta sake maimaita maganarta. Ya faɗa sau uku, ba ta gane ba. Nan tsoro ya kama shi, tsoron da bai taɓa ji ba ko a fagen yaƙi: mahaifiyarsa za ta koma ga Allah ba ta yafe masa ba, ba ta ma san ya roƙa ba.

Ya fito zaure idonsa jajir ya ce, "A nemo mini mai jin Gilmanci, yau ɗin nan."

Aka fara da malamai. Aka kawo wani shehin malami da ake cewa yana karanta harsuna bakwai. Ya zauna bayan labule ya kasa kunne har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya fito ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, harsunan da na sani na littafi ne. Wannan kuwa ba a taɓa sa masa alƙalami ba, a bakin masu shi kawai yake zaune."

Sai aka tuna da Madugu Ranau, shugaban fatake, wanda ya yi shekara talatin yana ratsa ƙasashe. Shi kam in ya fara magana sai an tare shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Zaki, ai an zo wurin. Na je ƙasar da kogi ɗaya ya raba harshe biyu, na wannan gaɓa ba ya jin na waccan sai da hannu. Na je inda makiyaya ke kiran juna daga tsauni zuwa tsauni da fito, su kuma fahimci juna sarai. Na je birnin da kowace unguwa take da irin nata lafazin, da ka buɗe baki an san ƙofar gidanku. Ban taɓa zuwa inda mutane duka suke magana iri ɗaya ba, sai dai..." Nan ya tuna gaban wanda yake, ya yi tari ya haɗiye sauran.

Sarki ya ce, "Gilmanci na tambaye ka."

"Ina taɓawa, ranka ya daɗe. Na sha sayen zuma a gindin dutsen."

Aka shiga da shi. Ya yi sallama da Gilmancinsa, tsohuwa ta juyo da sauri, fuskarta ta washe. Ta zubo masa magana kamar an ɓalle bakin tulu. Madugu ya yi ta gyaɗa kai, gumi yana keto masa. Da ya buɗe baki zai amsa, sai ta tsaya, ta saurara, murnar ta gushe, ta juya fuska bango.

Madugu ya fito ya ce, "A gafarce ni, zaki. Nawa Gilmancin gindin dutse ne, na ciniki, nawa ne, rage mini, Allah ya kai mu. Ita kuwa 'yar kan dutse ce. Harshen ɗaya ne, amma nasu na sama ya sha bamban, a kalma goma ɗaya nake tsinta. Na ji ta ambaci wuta, na ji ta ambaci sabo. Ban san abin da ya haɗa su ba."

Aka yi lissafin aika manzo Dutsen Gilma, aka ga kwana goma sha biyu ne zuwa, goma sha biyu dawowa, tsohuwa kuwa yau kwananta uku ba ta sa komai a ciki ba. Sarki ya sa aka yi shela cewa duk mai jin Gilmancin kan dutse ya zo fada, ba za a taɓa shi ba, har da riga da doki. Aka wuni ana jira, ko kare bai leƙo ba. Wa zai zo? Mutanen da suka ga an yi wa maƙwabtansu bulala a kan gaisuwa, su ne za su yarda da riga da doki?

Da la'asar Waziri Anaruwa, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya matso ya ce, "Allah ya taimaki sarki, suna nan cikin garin nan, ina da yaƙini. Tsoro ne ya rufe musu baki, kuma kyauta ba za ta buɗe shi ba. A ba ni izini in gwada wata dabara, amma da sharaɗi biyu. Kada a sa dogari ko ɗaya ya bi mai shela, kuma ƙaramar ƙofar bayan fada a bar ta babu mai gadi har gobe da hantsi."

Sarki ya ce, "In wani ya nuna alamar ya gane, ba sai a kama shi a kawo ba?"

"In aka kawo shi a ɗaure, zai rantse bai ji komai ba, kuma ba mu da yadda za mu ƙaryata shi."

Sarki ya ce, "Yi yadda ka gani."

Waziri ya sa jakadiya ta zauna kusa da majinyaciya har ta haddace maganar nan da take maimaitawa, ba tare da ta san ma'anarta ba. Jakadiya ta fito ta biya wa Sankira, mai shelar sarki, har shi ma ya riƙe. Sankira ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe Waziri, ni da bakina na yi shelar hana wannan yare, yanzu ni zan yi shi a tsakiyar kasuwa? In kuma zagin sarki ne fa nake ɗauke da shi?"

Waziri ya ce, "In zagi ne, bulalar a bayana. Tafi."

Sankira ya zaga kasuwa da unguwanni kafin magariba. A kowace mararraba sai ya tsaya ya ce da harshen birni, "Jama'a, wata tsohuwa ce kwance, kwana uku ba ta ci ba, ga abin da take faɗi." Sai ya rera maganar da Gilmancinsa na aro, sau uku, ya wuce. Bai ce kowa ya zo ba, bai yi alkawarin komai ba. Mutane suka yi ta kallonsa, wasu suna dariya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tanka.

Da gari ya waye, jakadiya ta leƙa ƙofar baya, sai ga wata 'yar sabuwar tukunya an rufe ta da faifai, da sauran ɗuminta. Ta buɗe ta ga kunun acca ne da tsamiya. Ta ɗauka da gudu ta kai ciki. Tun daga bakin ƙofa Mai Babban Ɗaki ta ji ƙamshin, ta yunƙura da kanta ta miƙo hannu biyu. Ta shinshina tukunyar, ta sha, ta sha, hawaye yana zuba cikin kunun, ba ta ajiye ba sai da ta ga gindinta. Ashe abin da take roƙo ke nan kwana huɗu, kunun acca a sabuwar tukunyar da ba ta taɓa hawa wuta ba sai ranar, irin wanda ake dama wa majinyaci a garinsu.

Waziri ya karɓi tukunyar ya kifa ta. Kowace mai ginin tukwane tana da shaidar da take yi wa kayanta tun yumɓu yana ɗanye, don kada su cakuɗe a wurin gashi. Wannan an danna mata farce sau uku a jere. Ya tuɓe alkyabba, ya yafa tsohon mayafi, ya dogara sandarsa shi kaɗai zuwa unguwar magina. Ya bi gida gida yana ɗaga tukwane kamar mai saye, yana leƙa gindinsu, har ya iso wata bukka a ƙarshen unguwa, inda wata tsohuwa siririya take murza yumɓu. Sunanta Nambi. Tukwanenta duka farce uku ne.

Ya yi sallama ya zauna kan turmi, ya ajiye 'yar tukunyar a gabanta ya ce, "Baiwar Allah, na dawo miki da kayanki. Ta shanye duka."

Hannun Nambi ya tsaya a kan yumɓu. Ta ce, "Malam, ni tukwane nake sayarwa, ban san wanda ya saya ba."

"Ba ki yi ƙarya ba, tukwane kike sayarwa. Ni kuma Waziri ne, kin gane ni tun ina shigowa. Ga ni ba dogari, ba doki. In kin ce in tashi, zan tashi, ba kuma wanda zai sake zuwa."

Ta dubi tukunyar ta ce, "Da gaske ta shanye?"

"Har tana lasar baki."

Nambi ta share ido da bayan hannu ta ce, "Mai shelar nan naku ya kashe harshen, kamar ana jan akuya a kan tsakuwa. Amma na ji, kuma na kasa zama. Ranka ya daɗe, ka san abin da aka yi mini a garin nan? Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da mijina ya rasu, na yi kukansa da harshen da ya nemi aurena da shi. Wane harshe zan yi kukan da shi? Dogarai suka ji, suka fitar da ni gaban masu zaman makoki, suka yi mini bulala ashirin. Ɗana ya yi magana, aka kore shi daga ƙasa. Har yau ban san ko yana da rai ba."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina fada aka yi, ban iya hanawa ba. Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Amma waccan tsohuwar ba ita ta yi miki ba, ita aka fara yi wa."

Nambi ta wanke hannu ta ɗauki mayafinta. Ta ce, "Don ita zan je. A gaya wa ɗanta haka."

Da suka iso, sarki da kansa ya tarye su a soron ciki. Nambi ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ake yi, ba ƙari. Aka shiga da ita. Ta zauna a bakin gado ta yi sallama da Gilmancin kan dutse, sai Mai Babban Ɗaki ta cafke hannunta. Suka yi ta magana, suna kuka, suna dariya, suna ambaton sunaye. Ashe ƙauyukansu suna kallon juna, rafi ɗaya suke ɗiban ruwa. Sarki yana tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo a gidansa. Bai taɓa sanin mahaifiyarsa tana da yawan magana haka ba, bai ma san tana da irin wannan dariyar ba.

Da ya ga sun lafa, ya ce, "Baiwar Allah, ki gaya mata ɗanta Tunau yana neman gafararta."

Nambi ta ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ba zan iya ba."

Fuskar sarki ta canja. Ta ce, "Ba ƙi na yi ba. Duk abin da ka ce in juya mata zan juya, ban da wannan. A wurinmu ba a aika wani neman gafara. Mai laifi shi yake zuwa, ya zauna a ƙasa, ya kama ƙafar wanda ya ɓata wa, ya kira shi da sunansa na yanka, ya faɗi laifin da bakinsa. In na faɗa maka, za ta ɗauka ni ce nake roƙo, ni kuwa ban yi mata komai ba."

"To, koya mini."

Waziri ya yi gyaran murya daga bayan labule ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, akwai doka. Duk wanda ya yi wani harshe a ƙasar nan, bulala ashirin, ba a ware kowa ba. Matar nan an yi mata nata a kan kukan mijinta, aka kuma kori ɗanta daga ƙasar. Ko dai sarki ya tuɓe riga a yi masa nasa, ko kuwa dokar ta tuɓe."

Ba a taɓa yi wa Sarki Tunau magana irin wannan ba. Ya dubi Nambi, ya dubi gadon, ya juya ya fita zaure, ya sa aka buga tambari. Da jama'a suka taru ya miƙe tsaye ya ce, "Dokar harshe ni na kafa ta, kuma ba don gyaran ƙasa na kafa ta ba. An yi wa mahaifiyata dariya ina yaro, maimakon in ji haushin masu dariyar sai na ji kunyarta. Na soke dokar daga yau. A shimfiɗa buzayen tafintoci. A aika kowace iyaka a ce waɗanda aka kora su dawo, gonakinsu da gidajensu suna nan, a fara da ɗan wannan baiwar Allah. Wanda aka yi wa bulala ya zo fada, ni zan ba shi haƙuri da bakina." Aka fito da buzayen daga taska, huɗu gara ta cinye. Aka nemi masu zama a kan sauran, da ƙyar aka sami uku.

Sannan sarki ya koma soro ya zauna a tabarma gaban mai ginin tukwane, ta shiga biya masa. Maganar ba ta fi numfashi biyu ba, amma daga azahar har la'asar sakaliya yana fama. Harshensa ya ƙi lanƙwasa. Nambi kuwa ba ta raga masa ba ko kaɗan, ta ce sake, ya sake, ta ce ba haka ba, ya sake. A wurinta ya fara jin sunan yanka na mahaifiyarsa yadda masu shi suke faɗinsa, Dalo. Kada ku tambaye ni sauran kalmomin. Wanda ya ba ni labarin ya ce kakansa ya san su, shi kuwa sun ɓace masa.

Rana ta yi sanyi ya shiga. Ya cire rawani ya ajiye, ya zauna a ƙasa, ya kama ƙafar mahaifiyarsa da hannu biyu. Ya kira ta Dalo. Ta buɗe ido. Ya faɗi maganar, ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya koma farko. Tsohuwa ta zuba masa ido har ya kai ƙarshe. Sai ta yi 'yar dariya, ta maimaita masa kalma ɗaya a hankali, yadda ake yi wa mai koyon magana. Ya faɗa. Ta sake gyara masa. Ya faɗa daidai. Ta ɗora hannu a kansa, ta yi magana mai tsawo tana shafa furfurarsa.

Sarki ya waiwayo, hawaye ya jiƙe masa gemu, ya ce, "Me ta ce? Don Allah kada ki rage komai."

Nambi ta ce, "Ta ce ta yafe, duniya da lahira. Ta ce tun ranar da ka tsaya a bakin ƙofa ka hana ta harshenta ta yafe, ta rasa harshen da za ta gaya maka da shi ne, don yafiya ba ta fita mata da na birni. Ta ce bakinka yana da nauyi, amma za ka iya, da da lokaci da ta koya maka. Ta ce akwai labarai da yawa da ta ajiye maka, na garinsu da na ƙuruciyarka, ka zo gobe da wuri ta fara."

Ya zo da wuri. Ya zo washegari ma, ya zauna a ƙasa, Nambi tana juya masa, fada tana jiransa bai fita ba. A rana ta uku, tana cikin ba shi labarin ranar da ya fara tafiya, ta ce ta gaji, a bari ta ɗan huta ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba, a wannan hutun Allah ya karɓi ranta.

Ƙasa ta zauna lafiya bayan haka, korarru suka dawo, har da ɗan Nambi da 'ya'yansa biyar, kasuwa ta sake cika da hayaniya, ko da yake harsuna biyu daga cikin taran ba a sake jin su ba. Sarki Tunau ya ƙara shekara goma sha tara a kan gado, kuma ya iya Gilmancin kan dutse har ya fi Madugu. An ce duk baƙon da ya sauko daga dutsen, sai sarki ya sa an kawo masa shi, ya zaunar da shi kusa, ya tambaye shi da harshensu ko ya san wani da ya san Dalo, ko ta taɓa gaya wa wani yadda labarin nan ya ƙare.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Wanda nasa tsohon yake da rai, ya tashi ya je ya gaishe shi.